Abin da Malam Arzika Ya Binne

Duk abin da ya faru, mai shayin bakin asibiti ne ya jawo. Da ya cika min filas da ruwan zafi ya sallame ni, bai tsaya yi min lacca kan tsadar gawayi ba, da ni nas za ta tarar a ƙofar ɗakin tiyata, ba mijin yayata ba.

Sunana Zakiyya, abinci nake sayarwa a Dutse, kuma duk wanda ya taɓa cin bashin shinkafata ya san bakina. Yayata Mu'minatu ita ta raine ni bayan rasuwar Innarmu. A Aujara take aure, wajen Malam Arzika, manomi kuma ladanin masallacin unguwarsu. Mutum ne wanda in ka gaishe shi da hantsi, sai wajen azahar amsar za ta iso. In ba a lasifika ba, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ni kuwa ƙanwar mata ce, ina da lasisin tsokanarsa, kuma tun ina yarinya nake amfani da shi ba hutu.

Ƙullutu ne ya fito wa Yaya a mama na hagu. Ta ɓoye, ta shafa man wannan, ta sha jiƙon wancan, har abin ya ƙi ɓoyuwa. Da na ja ta zuwa asibiti a Dutse, likita ya ce ciwon daji ne, maman gaba ɗaya za a cire. Ni ce na fashe da kuka. Yaya kuwa gyara mayafinta ta yi, ta ce, "A cire mana, likita. Duk waɗanda ya shayar sun girma, har rashin kunya suke yi min."

To ga abin da ban sani ba a lokacin. Ashe in an yanko abu daga jikin mutum ba zubarwa ake yi ba. A roba ake sa shi da wani ruwan magani mai yaji a ido, a rufe, a miƙa wa dangi su kai Kano wajen likitocin da aikinsu ke nan, duba nama. Asibitin da muka je ba su da mai wannan aikin. Ranar kuma robar da ta samu ita ce bokitin kastad, irin mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Nas ta fito ta ce ina dangin Mu'minatu, Malam ya miƙe, ta danƙa masa, ta yi masa bayani. Kafin in dawo da filas ɗina ya zura bokitin a buhunsa ya zauna yana jan carbi kamar ba abin da ya faru. Ko tari bai yi min ba.

Aka sallami Yaya, ciwon ya fara kamewa, muka koma ganin likita mu uku, har da Malam, bayan 'yan makonni. A ɗakin muka tarar da baƙuwa, wata Dakta Radiyya daga Kano, siririya, da tabarau, ba za ta girmi 'yata ta fari da yawa ba. Ta ce suna wani bincike ne kan sabon maganin daji, suna zagayawa asibitoci suna neman matan da zai dace da su. Hoton ƙirjin Yaya ya nuna wasu 'yan ɗigo a huhu, wato ciwon bai tafi duka da maman ba.

Na ce mata, "Dakta, ki yi min da Hausar kasuwa."

Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, jikin kowa yana da 'yan sintirinsa, su ke kama baƙon abu su kashe. Shi dajin nan wani lokaci wayo yake yi, sai ya sa hular 'yan gida, 'yan sintirin su zo su wuce shi. Maganin namu ba ya kashe dajin da kansa. Hular yake tuge masa, jiki ya gane shi ya yi aikinsa."

Na ce, "Wato ɓarawo ne ya shiga sahun gaba a masallaci."

"Kusan haka. Amma ba kowane daji ne ke sa wannan hular ba. In na Yayarki bai sa ba, maganin ba zai yi mata komai ba, kuma dokar binciken ba za ta bar mu mu sa ta a ciki ba. Sai mun duba naman da aka cire mun gani da idonmu. Ina sakamakon da aka karɓo daga Kano?"

Na kalli Yaya, Yaya ta kalle ni. Wane nama? Wane Kano? Aka kira nas, ta zo tana goge hannu, ta nuna Malam da baki ta ce, "Ga wanda na ba nan, hannu da hannu."

Muka juya gaba ɗaya. Malam yana zaune a gefen benci, ya ɗora hularsa a gwiwa. Sai da ya gama ƙirga abin da yake ƙirgawa a carbinsa sannan ya ce, "Na binne shi."

Dakta Radiyya ta cire tabarau ta ajiye a tebur. Ta ce, "Baba, ka binne?"

"Jikin ɗan Adam ne. Mahaifa ma binne ta ake yi, balle wannan."

"A cikin bokitin ka binne, ko juye shi ka yi?"

Ya ci gaba da jan carbinsa.

"A ina ka binne, Baba?"

Ya sa hularsa, ya ce lokacin salla ya gabato, ya fice. Ka ji mu da mutum! Ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wace sallar?

Dakta ta yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye. Ɗigon da ke huhu ƙanana ne, kuma suna inda allura ba za ta kai ba sai an yi ganganci da ran Yaya, don haka babu wani wurin da za a sake ɗibar nama. In Malam ya juye shi a ƙasa, magana ta ƙare, ƙasa ta ci. In yana cikin ruwan maganinsa a rufe, akwai ɗan fata, amma kullum kwana yana rage ta. Kuma ƙarshen wata za su rufe ɗaukar mutane. Ta rubuta min lambarta a bayan hannuna saboda wayata ta mutu, ta ce in kira ta ko me na samu.

Na bar wa 'yata tukwanen abinci na bi su Aujara. Tun daga Kiyawa har Jahun ban rufe baki ba. Na ce masa Malam, kai da kaza in ta mutu a gidanka bola kake jefa ta, yaushe ka zama mai jana'izar bokiti? Na ce ko sallar gawa ka yi masa, kabbara nawa? Fasinjoji suna ta waige, direba ya rage rediyo don ya ji da kyau. Malam ya kafa wa tagar mota ido kamar shi aka ba kwangilar ƙirga gonakin gero.

Da muka isa ban ko sha ruwa ba na nufi maƙabarta. Tsohon da ke kula da wurin ya rantse min babu wanda ya zo da bokiti, ya kuma ce mata ba sa shiga, in yi haƙuri in tsaya daga waje. Na ce Baba ai ko an gayyace ni ban shirya ba tukuna. Na dawo gida na ɗauki fartanya. Na tone bayan garken awaki, na samo tsohuwar buta. Na tone gindin rumbu, na samo ƙashin kaza da takalmin roba ƙafa ɗaya. Na tone bayan banɗaki, abin da na samo ba zan faɗa ba. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga, wata ta tambaya ko rijiya za a yi.

Washegari na je wajen limamin unguwar na zayyana masa komai. Ya ce tono don neman magani babu laifi, rai ya fi. Ya zo da kansa ya faɗa wa Malam haka a zaure. Malam ya ce na'am, ya ce Allah ya saka da alheri, ya raka shi har bakin hanya, ya dawo ya ci gaba da zamansa.

A nan ne haƙurina ya ƙare. Na shiga ɗakin Yaya ina huci na ce, "Yaya, mijin nan naki kashe ki zai yi da ladabi. Ni dai zan kira su Mu'az su zo su ɗaga shi sama su girgiza shi har sai maganar ta faɗo." Mu'az shi ne babban ɗansu, yana aiki a Haɗeja. Ina faɗa ina kuka, don tsoro nake ji. Ita ce uwata, ita ce komai nawa, kuma ina kallon kwanaki suna wucewa saboda taurin kan mutum ɗaya.

Yaya tana kishingiɗe tana tsince wake a faranti da hannunta na dama. Ta ce, "Zakiyya, Allah ya ba ki baki ya hana ki ido. Ɗaga labulen nan."

Na ɗaga.

"Me kika gani?"

"Mijinki na gani, a zaune kamar an dasa shi."

"A ina?"

A gindin bishiyar lemun tsami yake, daf da ƙofar ɗakinta, a kan buzunsa. Bishiyar nan ko akuya ba ta ishe ta inuwa ba, ga rana ta take, gumi na bin wuyansa.

Yaya ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan, a zaure yake zama. Ko ruwa ake da ƙanƙara can za ki same shi. Tun ranar da aka sallamo ni ya dawo da buzunsa nan. Ke kina can kina tone min gida kamar gafiya."

Na ce, "Kin sani kika bar ni na shiga bayan banɗaki?"

"Ina so ya faɗa da bakinsa ne. Kama ni in tashi."

Na riƙe ta muka fita. Ta zauna a kan turmi a gabansa. Ni kuwa na tsaya da fartanya a kafaɗa, in maganar ta ƙi in fara daga gefen buzun.

Ta ce, "Malam, tashi za ka yi ko ƙanwata ta haɗa da kai?"

Bai ɗago ba. Can ya ce, "Nas ɗin cewa ta yi yayyanka shi za su yi. Su sa a gilashi, maza su taru suna leƙawa."

"To sai me? Maza nawa ne a ɗakin tiyata? Kai da yana jikina ma rabonka da ka kalle shi tun yayen autarmu, yanzu da ya koma bokiti ne kishinsa ya motsa maka?"

Na tuntsire da dariya, ban so ba, ta ƙwace min ne. Kunnuwan Malam suka yi wani iri. Na zaci zai tashi ya ce lokacin salla ya yi. Sai ya ajiye carbin a kan buzu, abin da ban taɓa gani ba.

Ya ce, "Maƙabarta na fara kai shi. Na je har bakin ƙofa da buhuna. Na tsaya. Sai na ga in na shigar da wani sashe naki can, saura ma ya ga hanya." Ya dafa buzun. "Na dawo da shi gida. Na ce a nan dai ina ganinsa, kuma ke ma kina ciki ina jin tarinki. Da likitar nan ta ce a kawo, na ga in an tono an duba aka ce babu hular, shi ke nan an gaya min. Yanzu kuwa ba wanda ya gaya min komai."

Na daina dariya. Shekara da shekaru ina ce wa mutumin nan dutse, ashe tsoro ne ya zaunar da shi a rana, irin nawa sak, sai dai ni nawa ihu yake yi.

Yaya ta dube shi. Ta ce, "Ni ina so a gaya min, Malam. Jikina ne."

Ni dai tambaya ɗaya ce ke cina. Na ce, "Yaya Malam, don girman Allah, ka buɗe bokitin?"

Ya ce, "Na yanko farin yadi don in naɗe shi yadda ya kamata. Na kama murfin." Ya nuna da hannunsa yadda ya kama. "Ban iya ba. Sai na naɗe bokitin gaba ɗaya."

Na yi guɗa. Wallahi na yi guɗa a tsakar gidan ladan, awaki suka firgita. Tun da nake ban taɓa murna da ragwancin namiji ba sai ranar.

Bai bar ni na sa fartanya ba, ya ce zan fasa. Ya naɗe buzun, ya durƙusa ya tone da wani guntun ƙwarya da hannunsa. Ga shi nan kuwa, a naɗe cikin likkafani, an ɗaure sama da ƙasa yadda ake yi, kamar wani ƙaramin mamaci mai ƙiba. Na kwance ɗaurin, hoton cokali da kofin kastad ya bayyana. Murfin yana nan daram. Na girgiza a hankali na ji ruwa ya amsa. Na kira Dakta Radiyya ina haki, ta ce kada a buɗe, kada a bar shi a rana, a kawo yau.

Na ce zan kai, Malam ya ce tare za mu. A tashar Jahun ɗan kamasho ya miƙo hannu zai karɓi bokitin ya jefa a but, inda aka riga aka cusa buhun barkono da tunkiya. Malam ya janye.

"Baba, kaya a baya ake sawa."

"Ba kaya ba ne. Iyalina ce."

Ɗan kamashon ya kalli bokitin, ya kalle ni, ya matsa gefe yana salati. Haka Malam ya rungume shi a cinya har Kano. Wata mata a kusa da mu ta yi ta cewa ƙamshin me take ji, ko man shanu ne a sayar mata da kaɗan. Na ce mata Hajiya wannan ya fi ƙarfin tuwonki.

A can wani dattijon likita ya karɓa, mai furfura a gemu. Da Dakta Radiyya ta ba shi labari sai da ya zauna don dariya, sannan ya ce ya ga nama a gwangwanin madara, ya gani a kwalbar zuma, amma bai taɓa karɓar wanda aka yi wa sutura ba. Ya ce sa'ar da aka yi, likitan tiyata ya tsattsaga naman kafin ya sa a ruwa, maganin ya ratsa ciki. Amma ya daɗe a jiƙe, bai yi alkawarin rinin da za su yi masa don dubawa zai kama ba. Ya nuna mana yadda suke yi: a yanki ɗan ƙanƙani kamar ƙwayar gyaɗa, a daskarar da shi a cikin kaki, a fere shi siriri fiye da ɓawon albasa, a shimfiɗa a gilashi, a rina, a duba a madubin likita. In hular tana nan, za ta fito ruwan ƙasa. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya in sun gama za su ba shi ragowar. Likitan ya ce sai an kammala komai, ba yanzu ba. Malam ya ce zai jira.

Jiran sakamakon nan ban taɓa yin irinsa ba. Na zuba gishiri a kunu, na zuba sukari a miya, na yi faɗa da duk wanda ya ce min sannu. Ranar da Dakta Radiyya ta dawo Dutse muka je mu uku. Ta juyo mana da fuskar kwamfutarta. Ni dai abin da na gani kamar atamfa ce mai ruwan shuɗi da aka zubar wa shayi, wasu 'yan zobba ruwan ƙasa birjik.

Ta sa biro a kan ɗaya ta ce, "Ga hular."

Yaya ta matso da fuskarta ta ƙare masa kallo, ta ce, "Kai, ɗan banza. Ashe kai ne."

Dakta ba ta yi mana daɗin baki ba. Ta ce bincike ne, wasu yana yi musu aiki sosai, wasu ba ya yi, kuma 'yan sintirin in sun farka wani lokaci har 'yan gida suke duka, don haka za a riƙa duba ta a kai a kai. Ta ce ko yaushe Yaya ta ga dama tana iya cewa ta fasa. Yaya ta ce ta ji, a ba ta inda za ta dangwala.

Ranar da aka yi mata ƙarin ruwan farko a Kano, ni na rako ta gida. La'asar ta yi muka shiga, tana tafe tana hutawa. A gindin lemun tsami ta ja ta tsaya. Ramin yana nan yadda aka bar shi, Malam ya rufa masa wani guntun kwano ya danne da dutse, yana jiran ragowar da aka ce za a ba shi. Shi kuma ga shi a gefe kan buzunsa.

Yaya ta sa ƙafa ta ture dutsen. Ta ce, "Malam, miƙo min fartanya."

"Ai ba su dawo da shi ba tukuna."

"Su riƙe, na bar musu, su yi ta leƙe. Ba zan riƙa fitowa daga ɗakina kullum ina tarar da rami yana jirana ba. Bana dai ƙasa ba ta ƙara samun komai a jikina."

Ya miƙo mata. Da hannu ɗaya ta ja ƙasar, ta ja ta biyu, a ta uku numfashinta ya sarƙe ta dafa bishiyar. Na yunƙura zan karɓa, Malam ya riga ni. Ya cike ramin, ya bi da ƙafa ya daddanne har wurin ya yi daidai da sauran tsakar gida. Sannan ya naɗe buzunsa ya saɓa a kafaɗa ya nufi zaure.

Maganganu sun fi goma a bakina, duk masu kyau, ko ɗaya ban faɗa masa ba.